Wa ya ƙirƙiro kwamfuta? Amsa ga malamin da ɗalibansa suka ƙure da tambaya

Tambaya: Ni malamin kwamfuta ne a wata makarantar sakandare. Littafin da muke koyarwa da shi ya ce Charles Babbage ne uban kwamfuta, amma ɗalibaina sun zo mini da wasu sunaye. Wani ya ce Bill Gates ne, wata ta ce Alan Turing, wani kuma ya dage cewa ɗan Najeriya ne, Philip Emeagwali. Wa ya ƙirƙiro kwamfuta, kuma me zan gaya musu?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari, kuma ka gai da mini waɗannan ɗalibai da suka ƙi haɗiye abin da ke cikin littafi sai sun tauna. Idan a takardar jarrabawa aka tambaye su uban kwamfuta, su rubuta Charles Babbage, domin ita ce amsar da masu duba takarda suke jira, kuma laƙabin yana da hujjarsa. Idan kuwa ana neman mutum ɗaya da ya zauna ya ƙera na'urar da muke amfani da ita yau, to babu shi. Abin da muke kira kwamfuta haɗuwar siffofi uku ne: na'ura ce da ba a keɓe ta ga aiki ɗaya ba, tana aiki da wutar lantarki zalla ba tare da wani ƙarfe yana juyawa yana lissafi a cikinta ba, sannan tana ajiye umarnin da take bi a wuri ɗaya da alƙaluman da take sarrafawa. Kowace siffa da mutanenta da zamaninta, kuma daga ranar da aka fara zana ta farko zuwa ranar da duka ukun suka haɗu a na'ura guda, an yi fiye da shekara 110.

Kafin inji, akwai hanyar lissafin kanta. Wajen shekarar 820 Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza, kuma babban kaso na littafin a kan mas'alolin wasiyya da gado yake. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin rabon gado ya ga yadda ake fitar da asalin mas'ala sannan a bi magada ɗaya bayan ɗaya, ya san abin da nake nufi: ƙa'idoji ne masu bin juna, waɗanda duk wanda ya bi su daidai zai kai ga amsa ɗaya, ko ya fahimci hikimarsu ko bai fahimta ba. Kwamfuta na'urar bin irin waɗannan ƙa'idoji ce. Sai dai Alkhawarizmi bai ƙera na'ura ba, don haka a ba shi matsayinsa a tarihin lissafi, kada a jingina masa abin da bai yi ba.

Babbage, wanda aka haifa a Ingila a 1791, wata damuwa ce ta tura shi wannan aiki. A zamaninsa matuƙan jiragen ruwa da masu nazarin taurari da kamfanonin inshora duk da littattafan jadawalin lissafi suka dogara, kuma mutane ake ɗauka haya su cika waɗannan jadawali da hannu. Mai lissafi yakan yi kuskure, mai kwafa ya ƙara nasa, mai jera baƙaƙe a maɗaba'a shi ma ya ƙara, alhali kuskuren lamba ɗaya a jadawalin matuƙi yana iya kai jirgi kan dutse. A 1821 yana zaune da abokinsa John Herschel suna gwada wasu jadawali, kurakurai suka ishe shi har ya yi fatan a ce injin tururi ne ke yin lissafin, kuma a 1822 ya gabatar da tsarin injinsa na farko.

Dabarar injin tana da sauƙin da za ka iya nuna wa ɗalibai a allo. Rubuta 1, 4, 9, 16, 25, wato kowace lamba sau kanta. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce 3, 5, 7, 9, tazarar da ke tsakanin waɗannan kuma kullum 2 ce. Saboda haka idan kana son lamba ta gaba ba ka bukatar ninkawa ko kaɗan: ƙara 2 a kan 9 ka sami 11, ƙara 11 a kan 25 ka sami 36, wato 6 sau 6. Da haka za a yi ta tafiya ba iyaka, da tarawa kaɗai. Tarawa kuwa abu ne da faya-fayen tagulla masu haƙora za su iya yi, kowane faifai da lambobi 0 zuwa 9 a jikinsa, idan ya zagayo ya tura na kusa da shi taki ɗaya. Babbage ya tsara injin ya buga amsar da kansa, domin ya toshe ƙofar kuskuren mai kwafa da na maɗaba'a.

Gwamnatin Ingila ta zuba wajen fam 17,000 a aikin, kuɗi mai ɗimbin yawa a lokacin. Injin yana bukatar sassa kusan 25,000 masu daidaito sosai, kuma a 1832 wani ɗan yanki kawai aka harhaɗa. Shekara guda bayan haka Babbage ya saɓa da maƙerinsa Joseph Clement a kan kuɗi, aiki ya tsaya, a 1842 kuma gwamnati ta janye hannunta gaba ɗaya. An daɗe ana cewa zanen ne ya fi ƙarfin fasahar zamanin, har sai da gidan adana kayan tarihin kimiyya na Landan ya ɗauki zanensa na biyu, wanda ya yi tsakanin 1847 da 1849, ya ƙera shi da irin daidaiton da maƙeran ƙarni na 19 za su iya. A 1991 injin ya yi aiki, yana fitar da amsoshi masu lamba 31 daidai.

Wancan injin aiki ɗaya ya iya, kuma da a nan Babbage ya tsaya da ba a kira shi uban kwamfuta ba. Daga 1834 ya shiga zana wani inji na dabam wanda ya raba shi gida biyu: ma'ajiya inda lambobi ke zaune, da sashen sarrafawa inda ake kai su a tara, a ɗebe, a ninka ko a raba. Umarni kuma a jikin katuttuka masu huji zai zo, dabarar da ya aro daga masaƙar Jacquard ta Faransa, inda jerin kati ke gaya wa masaƙa zaren da za ta ɗaga don fitar da zane. A canza kati, inji ya canza aiki. Ya kuma tanadar masa ikon maimaita wasu matakai, da ikon duba sakamako ya zaɓi hanya: idan amsa ta fito kaza a bi nan, idan ba haka ba a bi can. Wannan rabon aiki tsakanin ma'ajiya da sashen sarrafawa shi ne a cikin wayar da ke aljihunka. Babbage ya mutu a 1871 bai ƙera injin ba, kuma har yau ba a ƙera shi cikakke ba.

Ada Lovelace ta haɗu da shi a 1833 tana da shekara 17. A 1840 Babbage ya yi bayanin injin a birnin Turin na Italiya, wani injiniya mai suna Luigi Menabrea ya rubuta bayanin da Faransanci, ita kuma ta fassara shi zuwa Turanci a 1843 ta ƙara sharhinta wanda ya ninka asalin maƙalar tsawo. A ƙarshen sharhin akwai jadawalin matakan da injin zai bi ya fitar da wani jerin lambobi da ake kira lambobin Bernoulli, shi ya sa ake kiranta mai rubuta shirin kwamfuta ta farko. Masana tarihi suna jayayya a kan wannan laƙabi, tun da Babbage ya riga ya rubuta wasu ƙananan shirye-shirye da bai wallafa ba. A ganina abin da ya fi wannan girma shi ne hangenta cewa injin bai taƙaita ga lambobi ba, duk abin da za a iya wakilta da alamomi masu ƙa'ida zai iya sarrafa shi, har ta ba da misali da sautin kiɗa. Duk hoto da murya da rubutu da ke cikin kwamfuta a yau tabbacin wannan hange ne. Ta rasu a 1852 tana da shekara 36.

A nan akwai abin da littattafan makaranta ba su cika faɗa ba. Aikin Babbage bai haifi kwamfutar zamani kai tsaye ba, domin mafi yawan waɗanda suka ƙera na'urorin shekarun 1940 ba daga zanensa suka ɗauko ba, sake gano hanyar suka yi da kansu. Abin da ya ci gaba a tsakani shi ne katin mai huji. Ƙidayar jama'ar Amurka ta 1880 ta ci fiye da shekara 7 kafin a gama tattara ta, sai Herman Hollerith ya ƙera na'urorin lantarki masu karanta kati aka yi ta 1890 da su. Kamfaninsa yana cikin waɗanda aka haɗe a 1911, haɗakar da ta koma IBM a 1924.

Siffa ta biyu, wato aiki da lantarki, ta samo tushe daga wani wuri da ba a zata ba. A 1854 George Boole, malamin lissafi a Cork ta ƙasar Ireland, ya nuna cewa ana iya mayar da hukuncin hankali lissafi mai ƙima biyu kawai, gaskiya ko ƙarya, 1 ko 0. An yi shekara 80 da ɗoriya ana ɗaukar wannan ilmin masu falsafa, sai a 1937 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a jami'ar MIT, Claude Shannon, ya nuna cewa makunnan lantarki suna bin ƙa'idar Boole sau da ƙafa. Idan ka jera makunni biyu a kan waya ɗaya, fitila ba za ta kama ba sai an kunna wannan da wancan. Idan ka ba kowanne hanyarsa zuwa fitilar, za ta kama idan an kunna wannan ko wancan. Da “da” da “ko” da “ba” ake gina na'urar tara lambobi, da ita kuma ake gina sauran.

Ɗalibarka da ta ambaci Alan Turing ta kama wani babban reshe. A 1936, bai cika shekara 24 ba, yana jami'ar Cambridge, ya rubuta maƙala don amsa wata tambaya ta masana lissafi: shin akwai tabbatacciyar hanya da za ta iya yanke hukunci a kan kowace magana ta lissafi? Don ya amsa sai da ya fayyace mene ne bin ƙa'ida, sai ya siffanta wata na'ura a tunani: dogon zirin takarda mai gida-gida, da kai mai karanta gida ɗaya a lokaci guda, ya rubuta ko ya goge, ya matsa dama ko hagu, bisa wani ɗan jadawalin ƙa'idoji. Daga nan ya nuna cewa ana iya rubuta jadawalin kowace irin wannan na'ura a kan zirin kansa, a miƙa wa wata na'ura guda ɗaya ta karanta ta kwaikwaye ta. Ma'ana, inji ɗaya ya isa ga duk wani aiki da za a iya rubuta ƙa'idarsa, kuma umarni shi ma bayani ne kamar sauran bayanai. Shi ya sa waya ɗaya take zama rediyo da kalkuleta da taswira ba tare da an canza mata ko ƙusa ba. Ya kuma tabbatar da cewa akwai tambayoyin da babu na'urar da za ta iya warwarewa, komai saurinta. Alonzo Church a Amurka ya kai ga irin wannan sakamako a shekarar ta wata hanya, amma siffantawar Turing ce ta yi kama da inji.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya fitar da waɗannan tunane-tunane daga takarda. A Jamus, Konrad Zuse, injiniyan gine-gine da lissafin hannu ya gundura, ya ƙera na'urarsa ta farko a falon iyayensa a Berlin da yankakkun fallayen ƙarfe. Ta ukunsa, Z3, ta yi aiki a watan Mayu 1941, da makunnan maganaɗisu irin na ofishin tarho kusan 2,600, tana lissafi da 0 da 1, tana karanta umarni daga tsohon fim na silima da aka huhhuje. Ita ce na'ura mai bin shiri ta farko da ta yi aiki sosai, sai dai makunnanta masu motsi ne, kuma bam ya hallaka ta a 1943. A jihar Iowa ta Amurka kuma John Atanasoff da ɗalibinsa Clifford Berry sun yi tasu tsakanin 1939 da 1942 da ƙwayayen bawul kusan 300, irin waɗanda ke cikin tsofaffin akwatunan rediyo. Tasu ta lantarki ce, amma nau'in lissafi ɗaya kawai ta iya.

A Ingila, Turing yana Bletchley Park, cibiyar asirin gwamnati ta fasa saƙonnin abokan gaba, yana warware kurman baƙin saƙonnin sojojin Jamus na na'urar Enigma, bisa harsashin da masana lissafin Poland irin su Marian Rejewski suka aza tun 1932. Mutane da yawa suna haɗa wannan aiki da na'urar Colossus, alhali Colossus don wani sirrin dabam aka yi ta, na na'urar Lorenz da manyan hafsoshin Jamus ke amfani da ita, kuma wanda ya ƙera ta Tommy Flowers ne, injiniyan tarho na hukumar gidan waya, ɗan wani magini daga gabashin Landan. Ina jin zafin yadda ake tsallake sunan mutumin nan. Masana sun ce bawul dubu ba za su yi aiki tare ba domin yawan ƙonewa, shi kuwa ya sani daga aikin tarho cewa kunnawa da kashewa ne ke kashe bawul, idan aka bar shi a kunne yakan daɗe. Ya sa har da kuɗin aljihunsa, a farkon 1944 na'urar mai bawul 1,600 ta fara aiki tana karanta baƙi 5,000 a daƙiƙa, ta biyu mai bawul 2,400 kuma ta fara ranar 1 ga Yuni, kwana 5 kafin saukar sojojin ƙawance a gaɓar tekun Normandy ta Faransa. An ƙera guda 10. Bayan yaƙi aka wargaza mafi yawansu, aka sa shi ya ƙona zanensa, aka kuma rufe bakin kowa har tsakiyar shekarun 1970, lokacin da an riga an rubuta tarihin kwamfuta ba da shi ba.

Wadda duniya ta gani ita ce ENIAC ta jami'ar Pennsylvania, aikin John Mauchly da Presper Eckert, wadda sojojin Amurka suka biya don lissafin jadawalin harba igwa. An fara ta a 1943 aka nuna ta ga jama'a a Fabrairu 1946: bawul kusan 18,000, nauyin tan 30, tana cin wuta kilowat 150, tana tarawa sau 5,000 a daƙiƙa. Lissafin tafiyar harsashi ɗaya da ke cin mutum wajen awa 20, ita cikin daƙiƙa 30 take gama shi. Ta haɗa siffa biyu, ta lantarki ce kuma ana iya sa ta ayyuka iri-iri. Cikas ɗinta shi ne canza mata aiki, domin sai an cire wayoyi an sake soka su an murɗa makunnai dubbai, abin da kan ɗauki kwanaki. Mata shida ne suka fara wannan aiki: Kay McNulty, Betty Jennings, Betty Snyder, Marlyn Wescoff, Fran Bilas da Ruth Lichterman. Babu littafin koyo, zanen wayoyin na'urar aka ba su suka gano yadda za a yi, har sukan bi kuskure su nuna bawul ɗin da ya mutu. Jennings da Snyder ne suka shirya lissafin da aka burge manyan baƙi da shi ranar buɗewa, amma ba a gabatar da su ba, ba a kuma gayyace su liyafar da aka yi ba. Ka karanta wa 'yan matan ajinka sunayen nan.

Saura siffa ta uku. Tun ENIAC ba ta kammala ba, Eckert da Mauchly suna tattauna wadda za ta gaje ta, wadda za a zuba umarninta a ma'ajiyarta a matsayin lambobi. A 1944 shahararren masanin lissafi John von Neumann, haifaffen Hungary, ya shigo cikin tattaunawar, a watan Yuni 1945 kuma ya rubuta rahoton da ya tsara ra'ayin tsaf. Jami'in soja mai kula da aikin, Herman Goldstine, ya rarraba rahoton da sunan von Neumann shi kaɗai, shi ya sa har yau ake kiran tsarin da sunansa, abin da ya ƙona wa Eckert da Mauchly rai ƙwarai. Rarrabawar ta kuma sa lauyoyi suka ɗauki ra'ayin a matsayin wanda aka riga aka wallafa, babu mai iya mallake shi, sai jami'o'i da kamfanoni a ƙasashe da dama suka ɗauka suka gina nasu.

Waɗanda suka riga kowa su ne Frederic Williams da Tom Kilburn da Geoff Tootill a jami'ar Manchester. Matsalar kowa a lokacin ita ce ma'ajiya mai sauri, su kuma sun fito daga aikin na'urar hango jirage, sai suka gano yadda za a ajiye 0 da 1 a matsayin ɗigon caji a fuskar gilashi irin na tsohuwar talabijin. Don gwada wannan suka haɗa wata 'yar ƙaramar na'ura da ake wa laƙabi da Baby, mai gurbin ajiya 32 kacal, wadda ɗebewa kawai ta iya a lissafi. Ranar 21 ga Yuni 1948 ta gudanar da shirin Kilburn mai umarni 17, wanda ke neman lamba mafi girma da za ta raba wata lamba ba saura, ban da lambar kanta. Da aka ba ta 262,144, ta fara gwaji daga 262,143 tana sauka ɗaya-ɗaya, kowace ta yi ta ɗebe ta har ta ga ko akwai saura, bayan minti 52 ta tsaya a kan 131,072. Amsar kowa ya san ta, abin nema shi ne a ga na'ura ta karanta umarni daga ma'ajiyarta ta bi shi sau miliyoyi ba tuntuɓe. Idan aka matsa mini in nuna ranar da kwamfuta irin tamu ta fara numfashi, wannan rana zan nuna. A Mayu 1949 EDSAC ta Maurice Wilkes ta fara yi wa masu bincike aiki a Cambridge, a 1951 kuma UNIVAC ta Eckert da Mauchly ta isa hukumar ƙidayar Amurka, a shekarar ce kuma kamfanin shayi da burodi na Lyons a Landan ya fara lissafin kasuwancinsa da tasa mai suna LEO.

Tambayarka ta taɓa zuwa gaban alƙali. Kamfanin Sperry Rand, wanda ya gaji takardar mallakar ƙirƙirar ENIAC, ya nemi sauran kamfanoni su riƙa biyansa, Honeywell ya ƙi, aka tafi kotu. A Oktoba 1973 alƙali Earl Larson ya soke takardar, daga cikin hujjojinsa har da cewa an makara wajen neman ta, da kuma cewa Mauchly ya ziyarci Atanasoff a 1941 ya ga na'urarsa. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin naɗa Atanasoff sarautar ƙirƙiro kwamfuta. Ni ban tafi a kan haka ba, domin na'urarsa ba ta karɓar shiri, kuma tazarar da ke tsakaninta da ENIAC mai faɗi ce. Amfanin hukuncin shi ne ya bar kwamfuta ba ta da mai ita a shari'a.

Abin da ya biyo baya ƙanƙantawa ne da sauƙaƙawa. A Disamba 1947 John Bardeen da Walter Brattain, a rukunin William Shockley na ɗakin binciken Bell, suka samar da taransisto, wanda ke aikin bawul ba zafi ba ƙonewa. Jack Kilby a 1958 da Robert Noyce a 1959 suka gano yadda za a haɗa da'irar lantarki gaba ɗaya a kan ɗan guntu guda. Nau'in taransiston da ke cike da kowace waya da kwamfuta a yau, biliyoyi a guntun silikon da bai fi farce ba, Mohamed Atalla haifaffen Port Said ta Masar da Dawon Kahng ɗan Koriya ne suka ƙirƙiro shi a 1959. A 1971 kamfanin Intel ya fitar da 4004 mai taransisto 2,300, sashen sarrafawa sukutum a guntu ɗaya, aikin Federico Faggin da Ted Hoff da Stanley Mazor da Masatoshi Shima, kuma don kalkuletar wani kamfanin Japan aka yi shi. A ɓangaren manhaja, Grace Hopper ta dage tun 1952 cewa na'ura ce ya kamata ta fassara umarnin mutum zuwa lambobinta, aikinta ya zama ginshiƙin harshen rubuta shirin kwamfuta mai suna COBOL na 1959 wanda manyan bankuna ke amfani da shi har yanzu, John Backus da rukuninsa a IBM kuma suka fitar da nasu harshen mai suna FORTRAN a 1957.

Bill Gates a 1955 aka haife shi, shekara 7 bayan gwajin Manchester, don haka batun ƙirƙirowa bai taso ba. Shi da Paul Allen sun kafa Microsoft a 1975 da manhajar BASIC da suka rubuta wa wata ƙaramar kwamfuta mai suna Altair. Da IBM ta zo fitar da kwamfutar tebur a 1981, Microsoft ta sayi wata manhajar gudanarwa da Tim Paterson ya rubuta ta gyara ta, ta kuma riƙe 'yancin sayar wa wasu kamfanoni, daga nan arzikinta ya taso. Gates gwanin rubuta manhaja ne kuma ɗan kasuwa mai hangen nesa, matsayinsa a tarihin yaɗuwar kwamfuta yake, tare da irin su Steve Wozniak da ya zana Apple II ta 1977.

Shi kuwa Philip Emeagwali, wanda aka haifa a Akure a 1954, yana da nasara ta gaskiya da ta cancanci a faɗe ta yadda take. A 1989 ya sami lambar yabo ta Gordon Bell, wadda ake bayarwa a fagen lissafi da manyan kwamfutoci, saboda shirin da ya rubuta na kwaikwayon yadda ɗanyen mai ke gudana a ƙarƙashin ƙasa. Ya gudanar da shi a kan Connection Machine, na'urar kamfanin Thinking Machines wadda ake iya haɗa mata ƙananan sassan sarrafawa har 65,536 su yi aiki lokaci guda, kuma raba lissafi ɗaya ga dubban sassa ba tare da sun tsaya jiran juna ba aiki ne mai wuya. Amma bai ƙirƙiro kwamfuta ba, haka nan intanet da ake yawan jingina masa. Saƙon farko a ARPANET, hanyar sadarwar kwamfutoci da intanet ta samo asali daga gare ta, ya tashi daga Los Angeles zuwa cibiyar bincike ta Stanford a Oktoba 1969 yana ɗan shekara 15, bisa dabarar yanka saƙo ƙunshi-ƙunshi ta Paul Baran da Donald Davies. Vint Cerf da Bob Kahn ne suka wallafa ƙa'idar haɗa hanyoyin sadarwa a 1974, Tim Berners-Lee kuma ya gabatar da tsarin shafukan yanar gizo a cibiyar binciken kimiyya ta Turai mai suna CERN a 1989. Ka gaya wa ɗalibin nan ya riƙe sunan lambar da shekararta da aikin da aka ba da ita dominsa, domin waɗannan su ne zai iya karewa a gaban kowane masani, a gida ko a waje.